Ɗinki Uku a Bayan Inna

Ranar da muka dawo da Inna daga Yamai, matan unguwarmu sun ji haushi, kuma ba su iya ɓoyewa ba. Tun kafin mu sauke kaya daga mota sun cika tsakar gida, kowace da ɗan kwanonta na dubiya, suna jiran su ga matar da aka tsaga wa ƙirji, don haka labari ya riga mu isowa Dogon Dutsi. Sai ga Inna ta sauko da ƙafarta, ta gyara mayafi, har tana tambayar matata Mubarika ko an ba baƙar akuyarta dusa.

Ma'u mai ƙosai, maƙwabciyarmu, ba ta iya riƙe magana a ciki. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "To Sahura, ina wurin aikin? Buɗe mu gani."

"Babu shi," in ji Inna.

"Babu shi kamar ƙaƙa?"

"Ta cinya sunka bi."

Ma'u ta dubi sauran matan, su ma suka dube ta. "Zuciya ta cinya? To, Allah shi ƙara sauƙi." Yadda ta faɗe shi, ka san nufinta an dai je Yamai an sha iska an dawo. Ni ina tsaye a bakin zaure ina dariyar ƙauyancinsu, ban san a duk gidan babu wanda ya fi ni wannan tunani ba.

Sunana Nazifi. Ina da shagon kayan babur a bakin kwalta, kusa da tasha. Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ina ƙarami "yaron nan" ne, da na buɗe shago na koma "mai shago". Mutuniyar Lugu ce, can aka haife ta, can ta yi aure, sai bayan rasuwar Baba na ɗauko ta ta dawo wurina. Ta zo da tukwanenta da turminta da kuma doguwar gidansu, iskar da kakanninta suke yi wa yanka. Wannan ta ƙarshen ce muka fi samun saɓani a kanta, domin ni ɗan majalisin karatu ne, wandona ba ya wuce idon sawu, kuma a lokacin ina ganin duk abin da na sani shi ne ƙarshen sani.

Shekara biyu Inna ta yi tana fama da numfashi. Matar da ke daka gero kwano huɗu tana hira, sai ta koma in ta ɗaga taɓarya sau goma ta zauna tana haki. Ƙafafunta suka kumbura, barci ma sai a zaune. 'Yan uwanta na Lugu suka ce doguwa ce ke neman haƙƙinta. Ni na ce a yi ruƙiyya a sha habbatus sauda da zuma. Ƙanwata Fa'iza, wadda ke koyarwa a Doso, ta ce mu duka mu rufe mata baki a tafi asibiti. Da yake ta fi mu tsiwa, ita ta yi nasara.

Likitan da ya duba ta a Yamai sunansa Luƙman, wani dogo mai furfura a gefen kai. Da Hausa ya yi mana bayani, Hausa tsantsa, don haka ba ni da damar in ce Faransanci ne ya ruɗe ni. Ya juya takarda ya zana zuciya a bayanta. Ya ce akwai wata 'yar ƙofa a ciki da jini ke bi, ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya sa ta tsuke a hankali, har jinin ya koma yana taruwa a huhu. Ya ce a da sai an tsaga ƙirji an buɗe ƙashi. Yanzu kuwa, ga mai irin nata, za su huda jijiya a saman cinya, su tura wani siririn bututu ya bi hanyar jini har cikin zuciya. A bakin bututun akwai ɗan balan-balan, in ya kai ƙofar sai a hura shi ya buɗe ta, a sace iskar, a zaro.

Inna ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Awa yasar rijiya ke nan, ba a rushe ta ba."

Likita ya yi dariya ya ce ko shi bai taɓa faɗa da kyau haka ba.

Aikin bai kai awa biyu ba. Aka fito da ita idonta biyu, da ɗan filasta a cinya wanda Mubarika ta ce bai fi faɗin ganyen magarya uku ba. Aka ce ta kwanta miƙe a bayanta kada ta motsa ƙafar har yamma, aka ɗora mata jakar yashi a wurin. Washegari ta taka zuwa banɗaki ba ta tsaya hutawa ba. Na yi godiya ga Allah, da gaske na yi. Amma a can ƙasan raina wani abu ya ce, ashe duk fargabar nan da muka sha a kan wannan ɗan abu ne. Na taɓa ganin ɗinkin ƙabar kawuna, tsawon tafin hannu, ya yi wata biyu yana tafiya a duƙe. A wurina wannan shi ne aiki. Na Inna kuwa ya fi kama da allura.

Ranar sallama likita ya zaunar da ni da ita. Ya ce bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai, jini na iya daskarewa a ciki ya haura ƙwaƙwalwa, saboda haka za ta riƙa shan wata ƙwaya kullum da yamma mai tsinka jini. Ya ɗaga yatsa ya ce abu biyu ne kada mu manta. Na ɗaya, a riƙa auna jininta duk mako a asibitin Dutsi har a ga ƙwayar ta zauna daidai, don in ta yi yawa jinin zai tsinke fiye da kima. Na biyu, kada ƙarfe ya taɓa jikinta. Ko haƙori za a cire mata, ko ƙurji za a farke, sai an kira shi tukuna. Ya rubuta lambarsa a saman takardar.

Wayata tana ta ruri a aljihu a lokacin, direban da ya ɗauko mini kaya daga Gaya ne. Na daɗe ina so in laɓe a bayan wannan wayar. Gaskiyar ita ce na ji komai, na ce "to, to", na naɗe takardar na cusa a aljihun jallabiya.

Makon farko ranar awon jini ta faɗo ranar kasuwa, na ce sai an kwana biyu. Mako na biyu na ga Inna tana shara tana waƙa, na ce mai wannan lafiya me za a auna mata. Fa'iza ta kira ta tambaya, na ce mata komai lafiya lau, ban dai ce an je ba, ban kuma ce ba a je ba.

A cikin mako na uku ne Inna ta same ni da safe ina shirin fita. Ta tsaya nesa kaɗan, tana kallon bango kamar yadda take yi in za ta yi magana da ni.

"Mai shago, ina son in tahi Lugu."

"Lahiya?"

"Na yi alwashi. Na ce in na komo da raina, baƙar akuyar ga ta doguwa ta."

Na ajiye makullin babur na fara. Na jawo aya, na jawo hadisi, na ce Allah ne ya ba ta lafiya ta hannun likita, ita kuma za ta kwashi godiya ta kai wa aljani. Na ce muddin ina raye ba za a ɗauki dabba daga gidana a kai wa wani dutse ba. Na ce gidana, ina sane. Ta duƙa ta ɗauki tsintsiyarta ta koma ɗaki.

Bayan kwana biyu ta fara cewa bayanta ya yi nauyi, ƙeyarta tana sara. Mubarika ta ja ni gefe ta gaya mini cewa ta ga cinyar Inna wajen wanka, jini ya kwanta baƙi ƙirin tun daga wurin hujin har kusa da gwiwa. Ta ce kuma in Inna ta yi asuwaki sai ta tofar da ja. Da ina da hankali, wannan ne lokacin da zan lalubo jallabiyar nan in kira lambar da ke saman takarda. Inna ta ce doguwa ce ke tuna mata alwashi. Ni kuma, don kada doguwa ta ci gardama, na ce mataccen jini ne ya taru saboda doguwar kwanciyar da ta yi a asibiti, kuma maganinsa sananne ne: ƙaho.

Ban kira wanzami ba, ba zan bar namiji ya ga bayan uwata ba. Matar abokina, Malama Amatullahi, ta koyo ƙahon mata a Sakkwato. Tana aiki da kofunan roba da sabuwar reza da safar hannu, mata suna yabon tsabtarta. Na jira har ranar sha bakwai ga wata, don a cikin kwanakin da aka fi so ne, na ce kada Inna ta karya kumallo. Duk wannan na kiyaye shi ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba.

Amatullahi ta zo da hantsi. Suna cikin ɗakin Inna, ni ina tsaye a bayan labule. Na ji tana jera kayanta a faranti, sai ta ɗaga murya, ta kira ni da sunan ɗana.

"Abban Yazid, an ce aikin zuciya anka yi mata. Ba matsala?"

"Wane aiki, Malama? Ko ɗinki ɗaya babu."

"Tana shan wani magani?"

"Na ƙarhin jiki na kawai."

Sai na ji muryar Inna, a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"Mai shago, ba lokotoro yac ce kada ƙarhe shi taɓa ni ba?"

Ita da ba ta taɓa shiga lakkwal ba, ko ajin boko ɗaya ba ta yi ba, ita da nake ganin sai na fassara mata duniya, ta riƙe maganar. Na ce, "Inna, aikin asibiti shika nuhi. Ƙaho sunna na, sunna ba ta cuta." Na faɗa da muryar da nake ja wa yara baƙi a majalisi. Na san abin da ya sa ta yi shiru: ta riga ta nemi abu ɗaya na hana, ba ta son a ce ta ƙi sunna bayan ta nemi doguwa. Na ji ƙarar zanenta tana sassauta shi. Na hau babur na tafi shago da zuciya fara, har ina jin na yi wa uwata alheri.

Ana gab da kiran azahar Mubarika ta kira ni. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Taho, jinin bai tsaya ba."

Na sami Inna kwance rub da ciki a kan tabarma. Tsaga shida aka yi mata, huɗu a baya biyu a ƙeya, ƙanana, waɗanda a jikin kowa kafin a kwashe kofuna sun bushe. Nata suna ta tsiyaya kamar randa mai tsaguwa. Zane uku sun jiƙe an tara a gefe. Amatullahi tana durƙushe ta danne bayan da hannu biyu, ta sa auduga, ta sa sukari, ta sake dannewa, hawaye na zuba a kan niƙabinta. Fatar wurin ta kumbura ta yi baƙi. Na kira Inna, ta buɗe ido da ƙyar, leɓɓanta sun yi fari fat. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

A motar wani maƙwabci muka kai ta asibiti. Majo, babban malamin jinya, ya duba bayan ya dube mu. Ya ce wane magani take sha. Na tsaya ina inda-inda, Mubarika ta ciro kwalin daga jakarta ta miƙa masa. Ya karanta, fuskarsa ta canza.

"Tana shan wanga kunka yi mata ƙaho? Ina takardar awon jininta?"

Babu takarda. Ya ce ina lambar likitanta, na ce tana gida cikin aljihun riga, Mubarika ta hau kabu-kabu ta je ta ɗauko. Suka yi magana da Likita Luƙman ta waya, aka yi mata wata allura da ke mayar da jini ya yi kauri, aka ɗaura mata ruwa. Wurare uku da rezar ta ɗan nutsa, majo ya ce ba za su rufe da kansu ba, ya ɗinke su. Yana ɗinki yana faɗa.

"Mutane sun bi ta jijiya sun gyara zuciya ba su zubar da jini cokali biyu ba, ku kun zo da reza kun zubar da kwano guda. Wa yab ba da wagga shawara? Wa yak kira mai ƙahon?"

Yana kallona. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai Inna ta yi magana, fuskarta a kife a kan katifa, muryar kamar daga cikin rijiya.

"Ni ta. Ni nik kira ta. Yaron shina kasuwa, bai sani ba."

Majo ya girgiza kai ya ce tsofaffin ƙauye sai Allah, a yi musu bayani da safe su manta da rana. Ya ce da ta kashe kanta ta bar ɗanta da baƙin ciki. Ina tsaye hannuna a aljihu, na bar shi ya gama.

Aka ce tana buƙatar jini leda biyu. Nawa ya dace da nata, aka ɗibi ɗaya, wani ɗan majalisinmu ya ba da ɗaya. Fa'iza ta iso daga Doso bayan la'asar, ta same ni zaune a benci da auduga a hannu. Ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Yaya, Allah shi biya ka, ba don kai ba da mun rasa ta." Daga nan ta shiga wurin Inna, ina jin ta daga waje. Ta ce mata duk wahalar da aka sha a Yamai ashe a banza, ta ce wane irin taurin kai ne wannan, ta ce daga yau ko farce za ta yanke sai ta tambayi Yaya. Inna tana cewa, "Na ji. Na tuba."

Kwana biyar muka yi. Likita Luƙman ya sa aka sake duba zuciyar, ya ce ƙofar tana nan a buɗe, aikinsu bai lalace ba, jinin ne kawai ya tsinke ya wuce kima saboda ba a auna ba. Abin da awon mako ɗaya zai nuna ke nan. Amatullahi kuwa ta tattara kofunanta ta daina ƙaho, don magana ta bazu cewa hannunta ba shi da kyau. Ita da Mubarika sun ji abin da na faɗa a bayan labule. Babu wadda ta tona ni. Mijinta yana gaishe ni har yau, amma ya daina zama a shagona.

Bayan mun dawo gida na shiga ɗakin Inna da hantsi, na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, abin da rabona da yi tun ina yaro. Na ce zan gaya wa Fa'iza gaskiya. Ta ce in na gaya mata, mu biyu za mu yi shekara ba ma ga maciji, ita kuma ba ta da sauran ƙarfin raba faɗa. Na rasa abin da zan ba ta. Can na ce, ina kallon ƙasa, in har yanzu tana son zuwa Lugu zan nemi mota, ba zan shiga wurin yankan ba amma zan kai ta.

Ta ɗan yi murmushi, tana kallon bango.

"Jini dai anka nema, an kau samu. Bar akuya ta haihu."

Yanzu duk ranar Talata ni ke ɗaukarta a babur in kai ta awon jini, ko da kasuwa ko babu. Takardar likita tana cikin leda a rataye a ƙusa, saman gadonta.

Ranar da aka cire zaren ɗinkin, matan unguwa suka sake zuwa dubiya. Ina gyara babur a zaure, ina jin su. Ma'u ce ta fara, kamar kullum. Ta ce ita fa ta ji ana ta surutai a gari, wasu na cewa ƙaho ne, wasu na cewa aikin Yamai ne ya tashi, ita ba ta san wanda za ta kama ba.

"Na Yamai na," in ji Inna. "Da can kunya nika ji, shi yas sa ban gwada muku ba. Ku matso."

Na leƙa. Ta juya musu baya ta zame mayafinta. Ɗinki uku suna jere a ƙarƙashin kafaɗarta ta hagu, fatar kewaye da su har yanzu baƙa ce. Matan suka ɗauki salati. Ma'u ta kai yatsa ta taɓa a hankali.

"Yo ni dai na san ba a gyaran zuciya ta cinya! Ashe ta baya sunka shiga. Kai Sahura, kin sha wuya. Lokotoron ga bai da tausai."

"Bai yi da gangan ba," in ji Inna. "Lahiyata shika nema."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a tsakar gida da sifana a hannu.

"Inna, ba haka..."

Ta ja mayafinta ta rufe bayan. Ba ta dube ni ba.

"Mai shago, baƙi sun daɗe zaune. Kawo musu ruwa."

Na ajiye sifanan, na wanke hannu, na je randa na ɗebo.